Kular da Aka Yi wa Alama da Jan Farce

Abin da idona ya fara sauka a kai shi ne wani ɗan zane ja a ƙarƙashin wata shuɗiyar kular abinci. Ɗiyar telan garinmu ce zaune a tsakar gidansu, ta kife kular a kan cinyarta tana yi mata alama da jan farce. Ni kuwa aron igiya aka aike ni, wadda za a yi wasan ja-in-ja da ita washegari, amma sai na tsaya a bakin ƙofa na manta abin da ya kawo ni. Zanen yana da faɗi daga sama, ya tsuke daga ƙasa. Ban yi shakka ba, zuciya ce.

Ta ɗago kai ta ce, "Kai ne aka ba aikin ɗaukar abinci, ko? To, gobe ka lura da wannan sosai."

A shekarun nan na riga na karance littattafan soyayyar da ake shimfiɗawa a kasuwar Funtua, wasu har sun yage a aljihuna. A cikinsu na koyi cewa budurwa mai kunya ba ta faɗin abin da ke ranta kai tsaye, sai dai ta yi alama. Na daɗe ina zama a bencin da ke bayan ƙungiyar mawaƙa a majami'a ina kallon ƙeyarta, ban taɓa samun ƙarfin halin wuce gaisuwa ba. Sai ga zuciya an zana a gabana, an kuma ce in lura. Na koma gida da igiya a kafaɗa, na ƙudurta cewa gobe zan faɗa mata, in kuwa na kasa, to ba zan ƙara samun dama irin wannan ba.

Sabon fastonmu ne ya zo da maganar fitar. A makarantar tauhidi ya ga ana yi, ya kira ta fikinik. Da ya yi bayani bayan sujada cewa ikilisiya duka za ta je bakin dam bayan girbi, a shimfiɗa tabarmi a ci abinci a ƙarƙashin itatuwa, sai tsofaffi suka dubi juna. Wata gwaggo daga zumuntar mata ta ɗaga hannu ta tambaya ko akwai bambanci tsakanin wannan da abin da suke yi kullum a gona tun farkon damina. Fasto ya ce bambancin shi ne wannan karon babu mai riƙe fartanya. Da haka aka yarda.

Ya kafa doka guda: kowane gida ya kawo abin da ya samu, a jera wuri ɗaya, kowa ya ci na kowa, kuma kada a faɗi wanda ya dafa wane, don kada mai ƙaramin ƙarfi ya ji kunya. Matan suka amince, amma babu wadda za ta bar kwanonta ya ɓace saboda zumunci, shi ya sa kowace ta yi wa nata alama a ƙasa.

Da safe muka loda tabarmi, jarkokin ruwa da kulolin abinci a tirelar taraktan wani dattijon ikilisiya, yara suka hau sama suna waƙa. Shuɗiyar kular nan kuwa a ƙirjina na rungume ta tun daga ƙofar majami'a har bakin dam, muna ratsa gonakin da aka karye masara ana jiran auduga. Ɗuminta yana ratsa rigata. Na ajiye ta a ƙarshen tabarma, bayan wata ɗorawa, inda hannu ba zai yi saurin kaiwa ba.

Ana gama addu'a mutane suka rufar wa waina da shinkafa da faten tsaki, ni kuma na zagaya na buɗe kulata. Dambun masara ne. Loma ta farko ta tsaya mini a wuya. Tsakin bai nuna ba, yana ƙaras-ƙaras a haƙori, an sa gishiri an manta an sake sawa, yaji kuwa ba a yi masa rowa ba. Na ce a raina ai mai soyayya hankalinta ba ya kan tukunya, tunanina ne ya ɗauke mata hankali. Na ci hawaye na zuba, na sha ruwa, na ci gaba. Wata yarinya ta matso da cokalinta na kore ta. Ban tashi ba sai da na ga ƙasan kular.

Kafin a fara wasanni fasto ya ce ko akwai mai kalmar godiya. Na miƙe da kular a hannu. Na ɗaga ta sama yadda kowa zai ga alamar, na dubi inda 'yan mata suke zaune, na ce ba zan karya dokar fasto ba, ba zan kama suna ba.

"Amma hannun da ya dafa wannan abinci," na ce, "ina roƙon Ubangiji ya sa in ci daga gare shi har ƙarshen rayuwata."

Ɗiyar tela ta rufe baki da gefen ɗankwalinta, kafaɗunta na girgiza, na ɗauka kunya ce. Sai na ji motsi daga tabarmar dattawa. Baba mai buga ƙararrawar majami'a ne yake miƙewa da sandarsa, ya cire hula, idanunsa sun cika da ƙwalla.

"Amin, ɗana," in ji shi. "Amin. Tun da mamarku ta rasu ban taɓa ɗora wa wani tukunya ba sai yau da asuba. Ina ta zullumi ko za a samu mai ci."

Na san, kamar yadda kowa a garin ya sani, cewa alamar ƙasan kwano mai kwanon take nunawa, ba mai girki ba, kuma kula ɗaya kan zaga gidaje da yawa kafin ta koma hannun mai ita. Baba ba shi da kula, sai ya aro ta gidan tela. Abin da yarinyar take nufi kawai shi ne kada in bari ta ɓace a hanya, don sabuwa ce. Daga baya ƙanwarta ta gaya mini cewa zanen ma mangwaro ne, saboda itacen da ke ƙofar gidansu.

Babu wanda ya yi dariya a gaban tsohon, sai da ya rungume ni ya zauna, sannan gwaggon nan ta zumuntar mata ta fara, sauran suka kama. Fasto ya yi ta tari yana neman fara tseren buhu.

Na shiga tseren don in ɓoye fuskata. Da buhunan taki aka yi shi. Na yi tsalle kaɗan, dambun ya motsa a cikina, na zauna a cikin buhun ban ƙara gaba ba. Daga nan nake hango mai kiɗan gangar mawaƙa, wani saurayi da bai taɓa buɗe littafin soyayya ba, yana kankare ƙasan wata farar roba marar alama. A ciki ɗiyar tela ta kawo nata girkin, shinkafa da wake. Na ji yana ce mata man girkin bai ji ba sosai, amma idan akwai saura a gida zai biyo da yamma. Ta harare shi, ta ce ya zo da cokalinsa. A wasan ja-in-ja gefe ɗaya suka tsaya.

Baba kuwa ya riƙe addu'ata da gaske. Kowace Lahadi bayan sujada sai ya miƙo mini ƙunshin dambu, ya tsaya har in ɗanɗana. A hankali tsakin ya fara nuna, gishirin ya ragu. Kafin ya koma wurin ɗansa a Malumfashi, mata sun fara zuwa tambayarsa yadda yake turara shi.

Ɗiyar tela ta auri mai gangar. Yanzu tana da rumfar abinci kusa da tashar mota a Funtua, kuma ba a cika samun wurin zama da rana ba. Bara na tsaya a can na ci. Da na gama, hannuna ya juya farantin ban ma sani ba, ga ɗan mangwaron nan ja a ƙasa. Ta hango ni daga bayan tukwane, ta aje ludayi ta ƙaraso tana goge hannu.

"Malam, wannan karon ni na dafa," in ji ta. "Amma don Allah kada ka tashi yin addu'a, maigidan yana ciki."