Gyaɗar Ɗakin Yaya

Har in koma ga Allah ba zan manta da hantsin da na dubi tafin hannuna na gan shi ja jawur kamar na kwana da lalle ba. Ina zaune a tsakar gidan Yaya a Tasawa, faifai bisa cinyata, ina tsince gyaɗa ina jefa wata a baki. Sai na ji harshena ya yi nauyi, leɓena yana zugi. Na goge hannu da zane, jan ya bi zanen. Na san fatar gyaɗa ba ta rina hannu haka.

Yaya wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ne na farko a danginmu da ya je jami'a, can Dakar, ya karanto aikin noma. Da ya dawo aka tura shi Tasawa, a shekarun nan da gyaɗa ce maganar kowa, daga gwamnati har mai gona ɗaya. Kakarmu, mahaifiyar babanmu, ita ta goye shi, kuma ta rantse sai ta ga inda yake kwana kafin ruwa ya sauka. Ni na gama kwaleji a Maraɗi ina zaune gida, sai aka ce in raka ta. Muka taso daga ƙauyenmu na wajen Isawan bisa kamyo, babbar motar kaya, da ƙullin kuka da daddawa da ƙwaryar man shanu.

Gidan nasa ɗaki biyu ne na siminti. Gadon ƙarfe, rediyo, littattafai jibge a ƙasa, sai gwangwanayen kifi da wani busasshen burodi. Kaka ta zagaya ta riƙe haɓa.

"Maigida, nan ka shirya ajiye ni? Ko tukunya babu?"

"Ke tsohuwa, ai tun ina Dakar na sake ki. Takardar ce ba ta iso ba."

"Da yake ban iya karatu ba, saki bai saku ba. Dubi wuyanka kamar na zalɓe!"

Washegari da sassafe ya ce shi da abokan aikinsa za su zagaya ƙauyukan wajen Baudeta, sai la'asar zai dawo. Yana fita Kaka ta ɗaura ɗamara. Ta ari tukunya da turmi a maƙwabta, ta shiga ɗakinsa na biyu tana bincike, a bayan ƙofa ta tarar da buhun ɓararriyar gyaɗa, manya-manya, babu ko ɗaya mai tsutsa. Ta ce yau mijinta zai sha kunun gyaɗa irin wanda ya tashi da shi. Ta ɗebo ta cika mini faifai.

Ban ga laifinta ba, ko a lokacin ko yanzu. A wurinmu iri da kwansonsa ake ajiye shi cikin rumbu, ba a ɓare shi sai shuka ta matso. Gyaɗar da ka gani a ɓare cikin ɗaka ta ci ce, haka kowa ya sani. Ita ba ta da haƙoran tauna ɗanyar gyaɗa, ni ce na yi ta ci, ya kai tafi biyu. Na ji ɗan ɗaci, na ce ko ta kwana biyu ce.

Da na ga jan nan sai na tashi na shiga ɗakin, na juyo buhun, don fuskarsa bango take kallo. Ga hoton ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu a gicciye. A ƙarƙashi an rubuta da Faransanci cewa iri ne da aka cuɗe da magani, guba ne, kada mutum ko dabba ya ci. Wurin da sunan maganin yake ya goge da jan ƙasa.

"Kaka, wannan iri ne. Da guba a jiki."

"Iri? Wane mahaukaci ke ɓare iri ya kai ɗaka?"

Ta ɗago ta dubi fuskata, sai dariyar ta tsaya mata. Ta tambaye ni nawa na ci, na nuna mata da hannu. Ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta yi kuka ba. Ta kifar da gyaɗar a tsakar ɗaki, ta naɗe buhun ta cusa a hammata.

"Tunda shi ya gaya miki, shi zai gaya wa likita. Wuce mu tafi."

Matar da jiya sai da aka ɗauke ta aka sauke daga kamyo, ita ce yau a gabana ba takalmi, cikin ranar bazara, tana tambayar mutane hanyar gidan likita. Ni ina biye, ina lissafin ko zan kai.

Majo, wato babban ma'aikacin wurin, wani dattijo ne mai furfura a gemu. Ya shimfiɗa buhun bisa tebur ya daɗe yana dubawa. Ya ba ni wani ruwa na sha, na yi ta amai har na ga duhu-duhu. Sannan ya gaya mini gaskiya, da yake ya ji na yi lakkwal, wato makarantar boko. Ya ce maganin iri kashi biyu ne da ya sani. Akwai na hana iri ruɓewa a ƙasa, wannan wahala zai ba ni ya bar ni. Akwai wanda ake haɗawa da na kashe ƙwari, shi ne abin tsoro, yakan fara da rawar jiki. Buhun bai nuna wanne ba ne, sai mai shi ya zo. Ya aika buro, wato ofishin su Yaya, a neme shi.

Daga azahar zuwa la'asar ina kwance ina kallon yatsuna. Rawa suke yi, kuma ban san ko tsoro ne ko maganin ne ba. Kaka ta ƙi hawa benci, ta zauna a ƙasa ta riƙe ƙafata. Can ta ce, a hankali, "Da hannuna na ɗebo miki. Me zan ce wa ubanki?"

Na ce, "Kaka, ke ba ki iya karatu ba. Ni fa?"

Bayan la'asar Yaya ya faɗo ɗakin, riga jiƙe da gumi, da wani ɗan fakitin takarda a hannu. Ta buro ya biya ya ɗauko irin maganin da shi da kansa ya cuɗa gyaɗar da shi, don ya nuna wa manoma yadda ake yi. Ya miƙa wa majo. Majo ya sa tabarau ya karanta gaba da baya. Ya zo ya duba idona, ya riƙe wuyan hannuna, ya ce in miƙe in taka zuwa ƙofa in dawo. Ya sa aka bar ni kwance har rana ta yi ja.

Ana shirin kiran magariba ya dawo ya sake dubawa, sannan ya juya wajen Kaka. "Iya, saki ƙafar nan haka. Na ruɓewa ne kaɗai, kuma yawancinsa ya fita. Jikarki ta tsira."

Sai a lokacin Kaka ta fashe da kuka. Yaya ya jingina da bango ya sulale ƙasa, yana cewa da an dama kunun nan da mu uku za mu sha, har da maƙwabtan da suka ba da aron tukunya. Ni kuwa wani sanyi ya ratsa ni tun daga kai, na ji yunwa ta kama ni kamar na yi azumi.

Abin da na koya shi ne, idan yaro ya yi karatu ya kafa nasa gida, kayan ɗakinsa ba lalle su zama irin na gidan da ya tashi ba, ko da sun yi kama. Komai kusancinka da shi, tambaya kafin ka taɓa. Wanda kuma Allah ya ba karatu, ya karanta tun kafin ya kai hannu baki.