Dikko da Tuta Mai Rana a Tsaka

Dikko makiyayi ne, rugarsu tana kudu da Gidan Sori, a ƙasar Nijar. Shekara arba'in ya yi yana bin shanu, mutum ne marar surutu, ko a kasuwa daga gaisuwa sai ciniki.

Bara waccan, da kaka, ƴan bindiga suka same shi a mashaya da hantsi. Suka kora shanun, suka ɗaure masa ido da rawaninsa, suka ɗora shi a moto, wato babur. Kwana tara ya yi ɗaure a gindin wata tsamiya. Ran na goma mai tsaronsa ya tafi ɗibar ruwa, Dikko ya zare ƙafa daga igiya ya ruga.

Bai san ko a wane ɓangaren iyakar ƙasa yake ba. Ya yi ta ratsa gonakin da aka girbe, da ya ji ƙarar moto sai ya kwanta cikin kara. Gari kuwa bai yarda ya shiga ba, don ya ji ɓarayin suna kiran sunayen ƙauyukan da suke da masu kai musu labari.

Washegari da la'asar ƙishirwa ta ci ƙarfinsa. Ya hango wani ƙauye, da dogon ƙarfe a bakinsa, tuta na rataye ba iska. Ya laɓe bayan rumbu. Kore da fari kawai yake gani, kuma tutar ƙetaren iyaka ma kore da fari ce. Ya daɗe a durƙushe kafin iska ta buɗe ta: ruwan goro a sama, da'ira a tsakiyar farin.

Wurin lakol ce, wato makarantar boko. Malamin, Mushe Sabi'u (Mushe ake ce wa malamin lakol), ya fito ya tarar da shi riƙe da ƙarfen.

"Nan ƙasarmu ce?" in ji Dikko.

"Nijar ce, Bappa. Sha ruwa."

Malamin ya shigar da shi aji, ya miƙa masa moɗa, sai ya shiga jan sa da hira. Ya ce tun 1959 aka zana tutar. Na sama hamada ce, koren gonakinmu, da'irar kuma rana.

"Mushe, ka rufe ƙofa tukun," Dikko ya ce.

Jandarma suka mai da shi gida. Ba a ga shanun ba. Yanzu awakin mutane yake kiwo a bayan gari, kuma matarsa Kadi ta ce har yau in moto ya wuce, ajiye ƙwaryar fura yake yi sai ƙarar ta ɓace.