Wuƙar Iliyasu a Shagon Hoto

Turai ta Zandam mai nono ce, kuma duk kasuwar Gwaram an san ta da baki. Za ta yi wa mahauci tsiya har ya ƙara mata tsoka. Amma akwai suna ɗaya da bai taɓa fita daga bakinta ba: Iliyasu, ɗanta na fari. Haka Fulanin gidansu suke, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta sake masa fuska a gaban mutane. "Wancan" take ce masa. Ranar da mai hoto ya zo kasuwa Iliyasu ya roƙe ta su ɗauka tare, sai ta ɗauki ƙwaryarta ta bar wurin. Shi ma ya fasa.

Shekara biyu bayan samun 'yancin kai, masu allurar shanu suka sauka a yankin. Iliyasu ne yake kayar musu da bijimai. Da Baturen cikinsu zai tafi, ya ba shi wata jar wuƙar aljihu mai abubuwa shida a ciki: baki biyu, almakashi, ɗan zarto, basilla, da abin buɗe gwangwani, a ƙauyen da ba a ko san gwangwani ba. Da basillar nan yake ɗinke mata ƙoren da suka tsage. Sai dai ta wayi gari ta tarar an gyara, ba ta ce an gode ba, shi ma bai jira ba.

A 1975, lokacin da kuɗin man fetur ya sa Legas cin nama, Iliyasu ya bi motar shanu zuwa kudu. Motar ta kife, a can aka binne shi. Wuƙar kaɗai ta dawo. Da aka raba gado ta faɗa rabon matarsa Hapsatu, wadda za ta koma garinsu da ta gama takaba. Turai ta so wuƙar nan kamar ranta, amma ina uwa za ta buɗe baki ta roƙi kayan ɗan fari? Aron yini ɗaya ta iya nema.

Ta kai ta Birnin Kudu, shagon Ɗan'azumi mai hoto.

"Inna, wuƙa zan ɗauka?"

"Ita. Ka matso da ita sosai."

Kyamararsa ba ta gani kusa. Sai da ya ɗaura gilashin tabaraunsa a bakinta, ya buɗe kowane baki na wuƙar a kan farin ƙyalle, ya durƙusa yana gumi.

Bayan mako ta dawo karɓa. Hapsatu ta riga ta tafi da wuƙar. Hoton ya fito tas, har inda babban yatsan Iliyasu ya cinye jan mariƙin ana gani. Turai ta daɗe tana kallo.

Ɗan'azumi ya ɗauki biro. "Sunan wa zan rubuta a baya?"

Ta buɗe baki, ta rufe. "Bar shi haka."

Ta sauka daga mota a garin Sara ta kama hanya a ƙasa. Da ta shiga tsakanin gonakin dawa ta duba gaba da baya, babu kowa, sai ta kira sunan ɗan nata sau ɗaya, da ƙarfi, yadda ake kiran yaro ya zo ya ci tuwo. Ta tsaya tana saurare har ƙafafunta suka gaji.