Baƙon da ya ƙi shan ruwan rijiyarmu

Jama'a, kar wanda ya ɗebi ruwan rijiyar bakin masallaci! Rabon gabana da irin wannan faɗuwa tun shekarar amai da gudawa.

Da hantsi na tarar da wani baƙo mai rigar likitoci yana tuttula kwalba ciki. Wai, "Iya, magani ne, daga Ajingi aka turo ni."

Ni da na yanke cibiyar rabin mutanen garinmu Toranke zai yi wa wayo? Na zura guga na miƙa masa. "Bismilla ɗan nan, mu a nan baƙo ke fara sha."

Sai ya tankwaɓe gugan, ya haye babur!

Da na kai rahoto, malaman asibiti sun rufe rijiyar. Kazar maƙwabciyata Delu ta sha ruwan gugan da ya zube. Kafin azahar kazar ta miƙe ƙafa, ta mace.