Saƙon da muka tura wa Mama Saratu

Ni kaɗai ce a shagon atamfa na Anti, sai ga wani dattijo daga Kagoro riƙe da ƙaramar waya.

Kwanan nan yayana ya haɗa lambobin tsohuwar wayar shago da sabuwar manhajar kwastomomi. Ashe da kanta take tura saƙo ga duk wadda ta daɗe ba ta zo ba.

Ya miƙo mini wayar. "'Yata, ku ne kuka ce kuna kewar matata Saratu, ta zo ta ga sabbin kaya?"

Na ce, "E, Baba."

"Tun Ista muka binne ta. Layinta ne na kasa rufewa."

Na miƙa masa wayarsa.

Don Allah, da wane baki ake ba shi haƙuri?