Filin da Ta Bari a Kwali

Na dawo Daura bayan shekaru masu yawa a ƙasashen waje, sai zama ya gagare ni. In fita ƙofar gida, in dawo, in kama tashar Faransanci a rediyo, in juya ta Larabci, in kashe. Shi ya sa da shugaban wata makarantar 'yan mata da ke hanyar Mai'adua ya nemi in riƙa koyar da zane, na amsa tun bai rufe baki ba. Ya ce zango ɗaya zai gwada. Ranar taron iyaye za a rataye aikin yaran a bango, in iyaye suka ce ɓata lokaci ne, zai mayar da darasin na lissafi.

Ba mu da fenti, don haka na koya musu aikin liƙe: a yanka kwali a ɗora wani kan wani, hawa-hawa, har abin ya yi tudu da kwari, inuwa ta faɗa tsakani. Suka kawo ƙyallayen tela da karan dawa da guntayen fata. Muka jiƙa ƙaro muna liƙawa da shi. Hawa-hawan bai ba su wuya ba, duk wadda ta taɓa taya uwarta jeren kwanuka ta san babba ke zama a ƙasa.

Inda muka saɓa shi ne barin fili. Ina kai da komo tsakanin benci ina cewa a ba ido wurin hutawa, a zaɓi abu ɗaya ya zama shi ne babba. Na ba su labarin wani mai zayyanar rubutu a Khartum da ke barin rabin takarda fari, da wani a Dakar da ke ɓamɓare fiye da abin da yake liƙawa. Su ce to, Malam. Ina juya baya su cike ko'ina, kamar ɗinkin hula.

Yarinya ɗaya ce ta saurare ni, 'yar wani dillalin shanu. Ta yi rumbu da kara a gefe guda, hawa-hawa har ya fito kamar a taɓa, sauran kwalin ta bar shi wayam. Amma hannunta na ta komawa wurin.

"Malam, in na bar nan haka, za a ce kaya ne suka ƙare mini."

Na ce ba wanda zai ce. Ban taɓa ganin aikin ɗalibi da ya kai shi ba, ko a can inda ake da fenti.

Ranar taro iyaye suka yi ta shafa cikakkun kwalayen da hannu, suna sa albarka, suna neman inda ƙyallen gidansu ya faɗa. Na ga shugaba yana murmushi, na san darasi ya tsira. Dillalin kuwa ya daɗe tsaye gaban rumbun. Ya ja ni gefe, ya gaishe ni da kyau, sannan ya yi ƙasa da murya ya tambaya me ya sa ba a aiko masa cewa 'yarsa ta rasa kayan aiki ba. Na fara bayani a kan hutun ido. Ya saurara cikin ladabi, ya ce Allah ya saka, amma shi ba a taɓa fitar da kwano rabi daga gidansa ba.

Ranar Litinin ɗan acaɓa ya sauke buhu a ƙofar aji, cike da sabuwar atamfa da jar fata da zare. Saƙon uban shi ne ta ƙarasa.

Ta sauko da kwalin daga bango, ta ajiye a benci, ta dube ni.

"Malam, in liƙa?"

"Liƙa, 'yata. Fara da ƙananan."

Ta ɗauki almakashi. Na tsaya a kanta har jar fata ta kusa cimma rumbun, sai na ce ma shugabar aji ta kula da su, na fita bakin titi ina kallon baburan da ke wucewa iyaka.