Kayan Inna Sun Hau Bango

Damina ta yi tsakiya lokacin da bangon ɗakin Inna ya zube a Lambara, can ƙasar Shagari. Allah ya sa tana maƙwabta wajen barkar haihuwa. Bayan kwana biyu ƙanena ya kawo min ita Bodinga, da ƙunshin tufafinta a cinya, da buhu huɗu na kayan da aka tono daga ƙarƙashin ƙasa.

Maigidana ya ba ta ɗakin da ke kusa da zaure, ɗakin bulo da siminti, mai taga guda tana kallon gabas. Aka sa mata sabuwar katifa, aka shimfiɗa leda. Buhunan kuwa muka jingine su a rumfar girki, domin da na kwance bakin guda na leƙa, ban ga abin shigarwa ɗaki ba. Kwalla ce da langa na jerenta na aure, tsatsa ta ci su har ana hango ƙasa ta cikinsu. Ƙorai ne masu ɗinki bisa ɗinki, da fayafayin da gara ta ci bakinsu, da ludayi mai karyayyen hannu. Har da rabin turmi.

Idon Inna ya yi yana shekarun nan. Tana bambance rana da inuwa, amma fuskar mutum sai ta ji murya. Ta zauna a bakin katifar nan, ƙunshinta a gefe, ta ƙi a kwance shi. Kowace safiya in na kai mata kunu tambayarta ɗaya ce.

"Akwai motar Shagari yau?"

"Inna, ɗakin can naki bango uku ya rage masa, ga ruwa kullum."

"Uku sun hi babu. Nan baƙuwa nike. Bangon ga ko ƙusa babu, in na shahwa shi awa ɗakin asibiti."

Na san Inna. In ta ce za ta tafi, za ta tafi, ko da ƙafa ne, ta je ta kwanta ƙarƙashin azarar da ruwa ya jiƙa. Abin da ya hana ni sukuni ke nan.

Wata rana da hantsi, maigidana da kyakkyawar niyyarsa ya kirawo mai sayen gwangwani, don ɓeraye sun fara zama a buhunan. Mutumin ya zazzage buhun farko a ƙofar zaure. Ƙarar ba ta gama mutuwa ba muka ji muryar Inna daga ɗaki.

"Wa at taɓa min babbar kwalla? Mai jan hure ta, na ji kukanta."

Na duba, ita ce kuwa. Mai gwangwani ya tsaya da baki buɗe, maigidana ya rasa inda zai sa idonsa don kunyar suruka. A daidai lokacin babbar ɗiyata ta dawo daga kasuwa ɗaukar almakashin da ta manta. Tela ce, tana da ɗan shago a kasuwar Bodinga. Ta dubi kayan a ƙasa, ta ɗauki murfin kwallar ta ɗaga shi sama tana kallon rana ta hujojinsa, ta daɗe a haka. Sannan ta ce da babanta, "Baba, a bar min su mako guda." Ta ɗaga murya wajen ɗaki, "Tsohuwa, kwantar da hankalinki, ba mai kai tarkacenki ko'ina."

"Tarkace na kanki, mai kan ashana," in ji Inna. Wannan ce dariyar farko da na ji ta yi a gidana.

Sai in faɗi wani abu a nan, don shi ne ya kusa jawo mana asara. Yarinyar nan ita ce ta fari a wurina. Ban taɓa kiran sunanta ba, kuma ba na doguwar magana da ita. Haka na tarar ana yi, haka Inna ta yi da yayanmu har ya rasu. In ina son ta yi abu, sai in faɗa wa ƙanwarta, ko in faɗa wa iska alhali tana ji. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce. Ita ma ta san da haka.

Kullum bayan la'asar sai ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida ta hau aiki, ni kuma ina tankaɗe ina satar kallo. Ban san hannun mutum yana iya haka ba. Rabin turmin nan da na yi niyyar faskarawa a hura wuta, ta goge shi da samfefa har jan itacen ya fito, ta shafa masa man gyaɗa, ta kife shi, ya zama wurin ɗora buta. Langa uku ta wanke su da toka da lemun tsami, furannin da na zaci sun mutu tun ina budurwa suka buɗe ido. Ta huda gefensu ta zura igiya, ƙarama ƙarƙashin babba. Ludayin ta naɗe hannunsa da ƙyallen atamfa. Abin da na share shekaru ina gani a matsayin tsohon kwano, sai ga shi ina jin nauyin taɓa shi da hannu mai gari.

Da ta zo kan ƙorai ne matsala ta taso. Ta ɗauki babbar, wadda Inna take dama fura a ciki tun muna yara, ta kwaɓa garin katako da gam, ta bi duk ɗinkin gyartai ta cike shi, ta goge har ya yi sumul. Washegari ta shafe ta da farin fenti, ta zana mata ganye kore. Ta yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Amma na san Inna ba da ido take sanin kayanta ba. Maganar ta zo min har baki. Ƙanwarta tana makaranta, babu wanda zan aika. Na yi gyaran murya sau biyu, na ce wa tukunya, "Wani ɗinkin dai ba a rufe shi." Ba ta ji ba, ko ta ji ta ɗauka da tukunyar nake. Ta yi wa ƙwarya uku haka ina kallo.

Ranar da ta gama, ta kai babbar ta ɗora wa Inna a cinya tana murna. Inna ta zagaya bakinta da yatsa. Ta juya ta, ta bi gindinta, ta sake zagayawa a hankali. Sai ta miƙa mata.

"Wagga ba tawa ba ta."

"Taki ce mana, Kaka. Gyara ta na yi."

"Tawa tana da tsagi daga baki har ciki. Uwakki ta yi shi ranar da tah hwara tahiya, ta jawo ta da hura ciki. Na kai ta kasuwar Shagari, gyartai ya huda ta da tsinke mai zahi, ya ɗinke ina tsaye. Akwai wani ƙarami nan gehe, na shekarar da kakanki ya kwanta ciwo, hannuna na rawa na sake ta. Ina suke? Kun saida tawa kun sawo min sabuwa don ku rufe min baki."

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta laluba ƙunshinta ta jawo shi jikinta, ta ce a gaya wa ƙanena ranar kasuwar Shagari za ta bi motar 'yan kasuwa. Kwana biyar ya rage. Yarinyar ta fita da ƙwaryar a hannu, abincin dare ma ba ta ci ba.

Da safe na yafa mayafi na tafi kasuwa. Tunda ta buɗe shagon nan ban taɓa taka shi ba. Ta gan ni a ƙofa, ƙafarta ta tsaya a kan keken ɗinki. Na zauna a benci, na kafa idona a kan zaren keken don ba zan iya kallon fuskarta ba, na yi mata magana kai tsaye, ni da ita, ba ta bakin kowa ba.

"Ke. Laifin nawa ne. Na ga kina rufewa na yi shiru."

"Umma..."

"Bari in gama, kafin kunya ta dawo. Aikinki ban taɓa ganin irinsa ba. Amma kakarki da yatsa take gani. Ki tashi mu je mu kankare."

Ta sa gefen mayafinta ta goge ido, sannan ta yi dariya ta ce, "Umma, yau maganar da kika yi min ta fi ta shekara guda." Na ce ta rufe shago ta daina surutu.

Mun wuni biyu a kan ƙorai ukun nan. Muka jiƙa tsumma da ruwan ɗumi muna dannawa har gam ya yi laushi, muna bi da bakin tsinke a hankali don kada mu tsinke zaren kaba na asali. Fentin bai fita duka ba, har yau akwai fari-fari a jikin babbar. Da ɗinkin farko ya bayyana, ta ɗauka ta kai wa Inna. Inna ta ɗora yatsa. Na ga yatsan ya tsaya, ya koma baya, ya bi tsagin ɗaya bayan ɗaya kamar mai jan carbi.

"To," in ji ta. "Ga ta."

Sai yarinyar ta durƙusa ta ce, "Tsohuwa, ni ɗinkin keke na iya. Fayafayin nan naki sun fi ƙarfina. Ki nuna min yadda ake kama bakinsu."

"Da kaba aka yi, kuna da kaba gidan ga?"

Babu kaba. Amma buhunan da aka zubo kayan a ciki suna nan, biyu farare, ɗaya shuɗi, ɗaya mai ratsin ja. Yarinyar ta warware su zare-zare, ta zura a basilla ta sa wa Inna a hannu. Inna ta murza zaren, ta yi tsaki ta ce santsi gare shi kamar bakin dillaliya. Amma ta soka basillar. Hannun da na saba gani yana rawa wajen riƙe kofi, sai ga shi yana tafiya shi kaɗai, yana naɗewa yana sokawa, ita kuwa fuskarta tana kallon sama. Takan ce, "Ba ni ja," a ba ta. "Yanzu shuɗi." Ba ta ganin ko ɗaya, lissafin zanen yana cikin kanta tun kafin a haife ni. Da ta kama bakin faifai na farko, tsohuwar kaba a tsakiya, sabon zare a gefe, muka ga tauraro mai ƙafa shida ya fito daidai, babu ƙafar da ta fi wata. Na ce Subhanallahi a fili. Da ragowar zaren yarinyar ta bi gefen kowane ɗinkin gyartai da ja, kusa da shi ba bisa kansa ba, yadda mai ido zai gani, mai yatsa kuma zai taɓa.

Ana gobe kasuwar Shagari maigidana da kansa ya zo da guduma. Yarinyar ta hana shi kafa ƙusa sama. Ta sa Inna ta zauna a bakin katifa ta miƙa hannu, inda hannun ya kai nan aka kafa. Shi ya sa jeren ɗakin nan ya sauko ƙasa-ƙasa, duk wanda ya shigo sai ya tambaya. Ƙorai a jere, fayafayi a tsakaninsu, langa suna lilo a kusurwa. Murfin babbar kwalla kuwa ta ƙara masa huji da ƙusa, ta bi zagayen furen, ta haɗa da waɗanda tsatsa ta riga ta yi, ta rataye shi a tsakiyar taga. Na ɗauka ado ne kawai. Duk da haka Inna ba ta ce ta fasa tafiya ba, mu kuma ba mu tambaya ba.

Washegari ƙanena ya iso da wuri don ya raka ta tasha. Na ɗauki kunu muka shiga tare, sai muka tsaya a bakin ƙofa. Rana ta fito ta bugi murfin. Ɗakin gaba ɗaya ya cika da ɗigon haske, ɗaruruwa, a bango, a kan ƙorai, a kan leda, a kan zanen Inna da bayan hannunta. Hujojin ƙusa sun zana fure babba a bangon yamma, na tsatsa kuma sun watsu ko'ina ba tsari, kuma su ne suka fi kyau. Iska ta ɗan taɓa murfin, duk ɗakin ya motsa a hankali. Na shekara hamsin da wani abu a duniya, ban taɓa tsayawa cikin abu irin wannan ba, kuma daga murfin da muka kusa ba mai gwangwani.

Inna tana zaune ta miƙa tafin hannunta, ɗigo guda yana ciki. Ta rufe hannun, ta buɗe. Ta matsar da shi gefe, ta dawo da shi.

"Wa ag ga nan?" ta tambaya.

"Mu ne, Inna."

"Ina ganin wanga. Ɗaya, biyu... ga wani can bisa ƙwaryata." Muryarta ta yi ƙasa. "Shekara nawa rabona da in ƙirga abu da ido."

Ƙanena ya tsuguna a bakin ƙofa, ya cire hularsa yana juya ta a hannu. Can ya ce a hankali, "Inna, mota tana cika fa."

Inna ta sake rufe hannunta a kan ɗigon. Sannan ta ce, "Ka tahi kai ɗaya. Azarar da ta rage ka ba maƙwabcina, ya daɗe yana so. Akwai lalle bayan ɗakin, ka saro min reshe biyu masu ƙwari, a dasa min nan bakin ƙohwa tun ruwa bai ɗauke ba."

Yarinyar tana bayana, ban san lokacin da ta zo ba. Ta ce, "Tsohuwa, lalle kuma? Wa za ki yi wa kwalliya?"

"Ke zan ƙunsa wa, ko Allah ya sa wani ya dube ki. Ba ni kununa, ya huce."